Maƙerin da Ke Riƙe da Saitin Sherif

Gundumar Nye da ke jihar Nebada a yammacin Amurka ta ɗan ɗara jihar Kaduna faɗin ƙasa, amma a ƙidayar 2020 mutanenta ba su kai dubu 52 ba. Daga Tonopah, hedikwatar gundumar, zuwa Pahrump inda akasarin jama'a suke, tafiya ce ta sama da kilomita 250. Duk abin da ya faru a tsakani, satar shanu ce, rikicin miji da mata ne, ko wani ne ya kulle kansa a gida yana barazanar harbi, ofishin sherif ake kira. Sherif shi ne shugaban 'yan sandan gunduma, kuma a mafi yawan jihohi da ƙuri'a ake zaɓensa. Yaransa kan yi sintiri ne kowa shi kaɗai a motarsa, in abu ya ɓaci kuwa, kafin ɗauki ya iso ana iya cin sa'a guda. Ga shi a irin waɗannan yankuna da wuya ka shiga gidan gona ba ka tarar da bindigar farauta ba, irin mai kayar da barewa daga nisan mita 200. Ƙaramar bindigar da ke ƙugun ɗan sanda ba ta da ta cewa a nan.

Shi ya sa ofisoshi da yawa kan ajiye doguwar bindiga ɗaya ko biyu masu madubin hange, a danƙa su ga wanda aka horar. Mutumin da ba a cika jin labarinsa ba shi ne maƙerin bindiga, mai tabbatar da cewa harsashi zai faɗa inda ido ya ɗora. Amurka na da hukumomin 'yan sanda kusan dubu 18, ofisoshin sherif kuwa kimanin dubu uku, kuma kusan rabin hukumomin 'yan sandan garuruwa jami'ansu ba su kai goma ba. Irin wannan ofis ba shi da ƙarfin ɗaukar maƙeri aikin dindindin. Abin da aka saba, a tura jami'i ɗaya kwas na 'yan kwanaki ya koyo tsabtacewa da canza ƙananan sassa, babban aiki kuma a kai wa mai shago a gari, wanda gyaran bindigogin mafarauta da 'yan gasar harbi ne abincinsa a sauran shekara.

Buƙatar ta fito fili ne ran 1 ga Agusta 1966, lokacin da wani tsohon soja ya hau hasumiyar Jami'ar Texas a birnin Austin ya yi ta harbin mutane sama da sa'a ɗaya da rabi. 'Yan sandan da suka fara isa, ƙananan bindigogi ne da na harbin tsuntsu a hannunsu, ba su da abin da zai kai saman hasumiyar, sai da mutanen gari suka ɗauko bindigoginsu na farauta suka taya su. Daga nan manyan birane, Los Anjeles a gaba, suka shiga kafa rundunoni na musamman, kowace da gwanayen harbinta. Bindigar da aka fi ɗauka ita ce Remington 700, wadda ta shigo kasuwa a 1962 don mafarauta. A kanta sojoji suka gina M40 a 1966 da M24 a 1988, kuma har gobe in ka buɗe ma'ajiyar wani ofishin sherif na ƙauye ita za ka fi tararwa, mai cin harsashin .308. Da yawa an saye su tun shekarun 1990, wanda ya sa hannu a takardar sayen ma ya daɗe da yin ritaya.

Irin wannan tsohuwa ce ake ɗora wa maƙeri a kan tebur. Ta shekara ashirin tana kwana a bayan a-kori-kura, ta sha ƙurar rani, ta sha sanyin ƙanƙara. Ƙwararre ba ya gaggawar ɗauko sukudireba, littafi yake fara tambaya. Kowace irin wannan bindiga tana da littafinta, inda maharbin ke rubuta duk harbin da ya yi: rana, nisa, zafi ko sanyi, iska, irin harsashi, da inda ya faɗa. Daga nan maƙeri ke sanin yawan harsashin da ya bi ta bututun, domin bututun .308 kan ɗauki harbi wajen dubu biyar, wani ma fiye, kafin saitinsa ya fara watsewa. In aka ce masa littafin ya ɓata, ko ba a taɓa buɗe shi ba, ya riga ya san irin riƙon da aka yi mata.

Sai ya zura wani siririn madubi mai fitila cikin bututun, hoton ya fito a allon kwamfuta. Cikin bututu ba sumul yake ba, an yi masa tsagogi masu murɗewa, su ne ke sa harsashi ya fita yana juyawa don kada ya yi tangaɗi a iska. Wurin da ya fi ƙura wa ido shi ne maƙogwaro, ɗan tsakanin nan da ke gaban mazaunin harsashi inda wutar albarushi ke fara duka. A sabuwar bindiga wurin fes yake. A wadda ta gaji za ka ga ƙarfen ya tsattsage kamar ƙasan tafki da bazara, bakin tsagogin duk ya cinye. Daga nan ya juya ya leƙa bakin bindigar, saboda ɗan ƙwarzane a nan, irin wanda sandar wanki kan jawo in an yi ganganci, ya isa ya karkatar da harsashi. Bindigogi da yawa a wurin wanki aka kashe su.

Gwajin da ya fi burge ni ba ya buƙatar inji ko kaɗan. Maƙeri ya zaro takardar dala ɗaya daga aljihu, ya zagaya ta ƙarƙashin bututun, ya riƙe bakunanta biyu ya ja tun daga gaba har gindi. In ta wuce lami lafiya, bututun bai taɓa ƙota ba, haka ake so. In ta maƙale a hanya, akwai inda ƙotar ke tokare ƙarfe. Duk harbi bututu yana girgiza, kuma abin da ake nema shi ne ya yi girgizar iri ɗaya kowane lokaci. Ƙotar katako tana kumbura da damshi ta ƙanƙance da rani, saitin da aka bari a watan Yuni ba shi za a tarar a Janairu ba. Don haka ake musanya ta da ta roba mai zaren gilashi irin ta McMillan da ke Arizona, ko wadda aka dasa wa ƙashin alminiyom a ciki irin ta H-S Precision. Wani lokaci kuma maƙerin ya shafa wani gam mai tauri a mazaunin ƙarfen, ya zaunar da shi ya kwana, gobe wurin ya ɗauki siffar ƙarfen daidai wa daida. Notuka ma ba a ɗaure su da ƙarfin tuwo. Akwai sifana mai awo, kuma adadin da aka ɗaura sai ya shiga littafi.

Kunama kuwa tana da nata labarin. Ɗan gasa yana son mai laushi, da an shafa ta tashi. Maƙerin kirki ba ya yi wa ɗan sanda haka, domin mutumin da ya kwanta sa'a huɗu cikin sanyi, yatsu sun sandare, gaba na faɗuwa, yana buƙatar kunamar da ba za ta tashi ba sai da niyya. An shekara da shekaru ana kai ƙarar Remington cewa tsohuwar kunamar 700 kan tashi ba a taɓa ta ba. Kamfanin ya musanta, amma a 2014 ya nemi a dawo masa da wasu bindigogi masu kunamar X-Mark Pro, ya kuma amince a sulhun kotu da canza wa masu su kunama. Tun daga nan duba kunama ya shiga cikin abubuwan farko.

Ma'aunin da ake yawan kafawa shi ne harsashi biyar a jere su taru cikin faɗin inci ɗaya daga nisan yadi 100, kusan santimita 3 ke nan a mita 100. Sai dai ɗan sanda ba shi da harbi biyar. Na farko ne nasa, kuma bututu mai sanyi sau da yawa yakan jefa harsashin farko ɗan gefe da inda sauran ke taruwa. Shi ya sa bayan an gama gyara, maharbin kan kwashe kwanaki yana zuwa fili da sassafe, ya yi harbi ɗaya tak, ya rubuta, ya naɗe kayansa ya tafi. Aiki ne mai cin rai, ba kuma yadda za a yi a gaggauta shi.

Inda kuɗi ke zurarewa, inda kuma ake yawan ɗora sherif a keken ɓera, shi ne madubi. Takardun talla cike suke da hotunan sojoji a duwatsun Afganistan da alƙawarin harbi daga mita dubu. Ƙungiyar American Sniper Association ta bi diddigin harbe-harben gwanayen 'yan sanda na shekaru da dama, kuma a rahotonta na 2005 ta gano matsakaicin nisan yadi hamsin da 'yan kai ne. Ko a karkara inda fili ya yalwata, abin da aka fi gani shi ne jami'i kwance bayan tarakta ko tulin ciyawa yana kallon ƙofar gida daga ƙetaren farfajiya. A irin wannan nisa, madubin da ke ninka girman abu sau 25 cikas ne: za ka ga maɓallin rigar mutum, ba za ka ga yaron da ya ɓullo ta gefensa ba. Maƙerin da ya san aikinsa ya fi damuwa da ƙasan lambar fiye da samanta, sai ya ba da shawarar madubin da ke sauka zuwa ninki uku ko huɗu.

A ganina nan ake bambance mai sana'a da ɗan kasuwa. Mafi yawan fitowar gwanin harbi, ana tashi ne ba a yi harbi ba. Kallo ne aikinsa: ya shaida wa shugabansa ta rediyo mutum nawa ne a ɗakin, wa ke kuka, wa ya ji rauni, abin da ke hannun mutumin waya ce ko bindiga. Irin waɗannan rigingimu kuma ba sa jiran rana ta take. Da magariba ake yin su, ko goshin asuba, ko a ƙarƙashin 'yar fitilar baranda. Gilashi mai arha da mai tsada kusan ɗaya suke da tsakar rana. Bambancin sai haske ya ja baya, ɗaya ya nuna maka inuwa kawai, ɗayan ya nuna maka yatsu. Saboda haka masu sana'ar ke cewa kada kuɗin madubi ya gaza kuɗin bindigar, kuma ba abin mamaki ba ne madubin Leupold na Oregon, ko Nightforce na Idaho, ko Schmidt & Bender na Jamus ya ci dala dubu biyu zuwa uku, ya ninka kuɗin ƙarfen da aka ɗora shi a kai. Sherif da ke ƙirga kowane sile kan ji wannan kamar zagi, sai an kai shi fili bayan faɗuwar rana an ba shi madubai biyu ya leƙa.

Ɗora madubin ma aiki ne mai zaman kansa. Ana fara kafa wani dogon sirdi na ƙarfe mai tsage-tsage da ake kira Picatinny, wanda sojojin Amurka suka tsayar da ma'auninsa a 1995, sai a ɗora zobba biyu a kai. In zobban ba su yi layi ɗaya ba suna murɗe jikin madubin a hankali, in an matse su fiye da kima kayan ciki su cije. Maƙeri yakan rataye zare mai ɗan nauyi a bangon nesa, ya yi ta juya madubin kaɗan-kaɗan har layin tsaye na ciki ya hau kan zaren. Sannan ya kira mai bindigar ya kwanta a ƙasa, sanye da rigar sulken da zai sa a bakin aiki, a auna tazarar ido. Madubin da aka ɗora wa dogo ba zai yi wa gajere ba, shi ya sa ba a aron irin wannan bindiga. An cika cikin madubin da iskar naitirojin ko agon don kada ya yi gumi in an fito daga mota mai ɗumi zuwa cikin sanyi, amma robobin da ke tsare iskar suna tsufa. Hanyar birji kuma babbar abokiyar gabar saiti ce, girgizarta ta yau da gobe tana sassauta abin da aka ɗaure.

Na'urorin ganin dare da masu gano ɗumin jiki sun ƙara tsada. Sherif kan kare kuɗinsu a gaban majalisar gunduma da cewa da su za a nemo tsohon da ya ɓata a daji ko mafarauci da ya karye a kwari, kuma sau da yawa aikin da suke yi ke nan.

Akwai musun da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a kan irin harsashi. Kamfanin Hornady ya fito da 6.5 Creedmoor a 2007. Ya fi .308 jure iska a nesa, bugunsa a kafaɗa ya fi sauƙi, amma yana cinye bututu da wuri, kusan rabin rayuwar ɗayan. Ga ofishin da harbinsa ba ya wuce mita 100, ban ga abin da canjin zai ƙara ba in ban da kashe kuɗi. Abin da ya fi hana gwanayen harbi barci shi ne gilashin taga da na ƙofa. Ran 4 ga Afrilu 1991 wasu matasa huɗu suka yi garkuwa da mutane kimanin 40 a wani kantin kayan lantarki a gundumar Sakaramento ta Kalifoniya. Gwanin harbin ofishin sherif ya samu dama ya harba, ƙofar gilashi ta karkatar da harsashin, maharan suka buɗe wuta, mutum uku cikin waɗanda aka tsare suka mutu. Har yau ana koyar da wannan rana.

To, ina kuɗin ke fitowa? Majalisar gunduma ce ke yanka kasafi, kuma madubi yana takara ne da tayoyin mota da albashin mai gadin kurkuku. Akwai tallafin gwamnatin tarayya na Byrne, wanda aka sa wa sunan wani ɗan sandan New York da aka kashe a 1988. Akwai shirin 1033 na dokar 1997, wanda ke bai wa 'yan sanda rarar kayan soja kyauta, ciki har da tsofaffin bindigogin M14 na shekarun 1960. Kyautar ba ta cika zama kyauta ba, domin kafin a mayar da irin wannan tsohuwa bindigar saiti, kuɗin ya kusan kai na sabuwa, ga shi har yanzu mallakar soja ce, ba a yi mata gyaran da ba zai warwaru ba. Bayan zanga-zangar garin Ferguson ta 2014 shirin ya sha suka, Shugaba Obama ya taƙaita shi a 2015, Shugaba Trump ya soke taƙaitawar a 2017. An kuma dakatar da ofisoshi da dama saboda ƙirga ta tashi babu wasu bindigogi. Mu nan ba baƙin wannan ciwo ba ne: rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayyar Najeriya na 2019 ya ce zuwa Disamba 2018 bindigogi 178,459 sun ɓace daga hannun 'yan sanda, 88,078 daga ciki AK-47. Mai kula da ma'ajiyar makamai, a can ko a nan, rabin aikinsa da biro ake yin sa.

Sana'ar a makaranta ake koyonta. Kwalejin Trinidad da ke Kolorado ta buɗe sashenta a 1947 a hannun P. O. Ackley, maƙerin da har yau ake kiran wasu harsasai da sunansa, akwai kuma Colorado School of Trades a Lakewood da kwalejin Lassen a Kalifoniya. Karatu na kai shekara biyu, kuma ɗalibi kan daɗe da magagari a hannu yana neman fitar da gefe huɗu daidai daga guntun ƙarfe kafin a bar shi ya taɓa injin sassaƙa. Wanda ya gama kuma ba zai karɓi bindigar kowa don kuɗi ba sai da lasin hukumar ATF, bisa dokar 1968, tare da rajistar shige da ficen kowace bindiga. Ba sana'ar kuɗancewa ba ce. Injuna na da tsada, inshora na da tsada, gunduma kuma ba ta biya a kan kari.

Ƙasa ma tana zamewa a ƙarƙashin masu sana'ar. Yau Tikka ta Finlan, da Accuracy International ta Ingila, da Ruger Precision da ta fito a 2015, suna fitowa daga kwali da saitin da a da sai maƙeri ya yi makonni kafin ya samar. Ƙotar alminiyom mai ɗaurin noti ta rage aikin gam. Ita kanta Remington, wadda ta faro a 1816, ta durƙushe a 2018 da 2020 aka sayar da ita gunduwa-gunduwa, tsohuwar masana'antarta ta garin Ilion kuma aka rufe a 2024. Sannu a hankali maƙeri yana tashi daga mai ƙira yana komawa mai dubawa da sa hannu.

Sa hannun kuwa ba wasa ba ne. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1985 a shari'ar Tennessee da Garner, ba a yarda ɗan sanda ya harbe mai gudu ba sai in yana zama babban haɗari ga rayuka. A watan Agusta 1992 a Ruby Ridge, wani dutse a arewacin Idaho, gwanin harbin hukumar FBI ya saita mutumin da ke rugawa cikin gida, harsashin ya ratsa ƙofa ya kashe matar gidan da ke tsaye a bayanta rungume da jaririyarta. Gwamnati ta biya iyalin dala miliyan 3.1 a 1995, kuma mai gabatar da ƙara na gundumar ya tuhumi maharbin da kisa a 1997, kodayake daga baya an janye tuhumar. Duk ranar da gwanin harbi ya harba, ana ƙwace bindigar a matsayin shaida, lauyoyi su nemi littafinta da rasitin gyaranta: wa ya taɓa kunama, yaushe, nauyinta nawa, wa ya ba da izini. Maƙerin da ya yi gyara a baki, ba takarda, ya jefa kansa da maharbin cikin uku.

Shawarar da ya fi wahalar sayarwa ita ce ta harsashin atisaye. Harsasai iri ɗaya daga kamfani ɗaya suna ɗan bambanta daga zubi zuwa zubi, don haka yakan nemi ofis ya sayi akwatuna da yawa masu lambar zubi ɗaya, a yi atisaye da shi, a fita aiki da shi, in ya ƙare a sake saiti daga farko. Gwanin harbi na buƙatar fita fili aƙalla sau ɗaya a wata, kuma a ofis mai mutum takwas, ranar da ya fita sai an biya wani kuɗin ƙarin lokaci ya riƙe masa sintiri. Tallafi yakan sayi madubi, domin madubi abu ne da ake ɗaukar hotonsa a kai wa majalisa. Harsashi da kuɗin ƙarin lokaci kuwa daga kasafin gunduma suke fitowa kowace shekara, kuma in aka zo rage kashe kuɗi, suna cikin abin da ake fara yankewa.